Gangar da Ta Taso Tsoho Daga Cikin Shinkafa

Shekarun baya, tun muna ƙarƙashin Sakkwato ba a kai ga yanka mana jihar Kebbi ba, na taɓa kusan kashe abokina da ganga. Ba kwaɗa masa ita na yi ba. Kaɗa ta kawai na yi. Ku gyara zama ku ji.

Gidanmu a Gwandu ba gidan kiɗa ba ne. Noma muka gada, sai ɗinki ta wajen dangin mahaifiyata. Ni kaɗai Allah ya jarraba da son ganga. Tun ina ƙarami ba na ganin abu mai rami in ƙyale shi: ƙwarya, kwano, garwa, har cikin ƙanena in ya ƙoshi. Da na zama saurayi sai na liƙe wa wani dattijon makaɗin 'yan kokawa da ke unguwarmu, wanda nake kira ubangidana. Na yi ta ɗaukar masa kaya har ya gaji da ganina, ya ba ni aron ganga ɗaya. Amma ya kafa min sharaɗi.

"In kaka ta yi muna zuwa Kalgo wajen kokawa," in ji shi. "In hannunka ya nuna, ka shiga fage tare da mu. In bai nuna ba, ka aje min kayana ka koma inda ka fito."

Mahaifiyata kuwa har addu'a take yi kada hannun ya nuna. Ta riga ta gama magana da kawuna a Kambaza, akwai keken ɗinki yana jirana. Ni kuma da in zauna ina taka keke daga safe har yamma, gara a ɗaure ni a turke tare da awaki.

To, matsalar ita ce koyon. Ubangidana ɗan gado ne, tun yana cikin ciki yake jin ganga, saboda haka bai san yadda ake bayani ba. Zai kaɗa abu sau ɗaya, ya miƙo min gula, wato lanƙwasasshen sandan nan da ake kiɗa da shi, ya jingina da bango ya lumshe ido. Duk abin da na kaɗa, kalma ɗaya ce ke fitowa daga bakinsa: "Sake." In na yi daidai, sake. In na ɓata, sake. Wata rana atishawa na yi, ya ce sake.

A gida kuma kajin mahaifiyata suka daina ƙwai. Jakin maƙwabcinmu ya koma yi min amshi. Daga ƙarshe aka kore ni da gangata zuwa bayan gari, gindin wata tsamiya. Can nake zama ni kaɗai ina maimaita abu guda har hannuna ya mutu, kaina ya yi nauyi. Abin da nake so fiye da tuwo ya koma min kamar shan maɗaci. Ga damina tana tafiya, ga gero ya fara fitar da kai, ni kuwa ina nan inda nake.

A nan abokina ya same ni wata rana ina barci, na yi matashi da gangar. Ɗan kasuwar albasa ne, siriri kamar karan dawa, amma bakinsa ya fi ƙarfin mutum goma. Yana da wata rakoda mai cin batir da yake yawo da ita a kafaɗa kamar jaririya.

Ya zungure ni da ƙafa. "Kai, tashi! Wai kai wa kaka yi ma kiɗi nan? Tsamiya?"

Na ce koyo nake yi.

"Koyon barci dai. Ka taɓa ganin makaɗi na kiɗi ba kowa gabanai? Jira ni."

Ya tafi ya dawo da tsohuwar fatar akuya ya ɗaura a gindi a matsayin warki, ya jera kwalayen ashana a zare ya ɗaure a damtse wai layu ne. Ya tuɓe riga, haƙarƙarinsa duk a waje ana iya ƙirgawa, ya daki ƙirji har ya yi tari. Ya ce daga yau shi ne ɗan kokawata, ni kuma aikina in bi ƙafarsa. In ya yi sauri in yi sauri, in ya ja jiki in ja, in ya tsaya cak in tsaya.

Wallahi ranar dariya ta hana ni riƙe gula. Amma abin ya yi aiki. Ya kafa doka: duk inda na kuskure, sai ya zube ƙasa ya miƙe kamar gawa, kuma ba zai tashi ba sai na ware wurin da na ɓata shi kaɗai, na kaɗa shi a hankali har ya fita tsaf. Saboda tausayin gawar, sai ga ni ina gyara wuraren da a da nake tsallakewa da gudu. Ba ma kuma daɗewa. Da ya ga na fara hamma sai ya ce an tashi, mu je mu sha fura, a bar sauran marmarin zuwa gobe.

Ranar da ya fara ɗaukar kiɗana a kaset ya sa min, na saurara da kyau, na ce, "Wane mara imani ne wannan ke faskaren itace?"

Ya ce, "Kai na."

Na yi kwana biyu ban yi masa magana ba. Amma daga ranar kunnena ya buɗe, na fara jin abin da ubangidana ke ji in ya ce sake.

Cikin haka abokina ya aro wani tsohon kaset wajen wani direba, na wata kokawa da aka yi tun muna yara. Duk hayaniya ce da ƙarar iska, amma a tsakiya akwai wani take da ban taɓa jin irinsa ba. Ga wanda bai sani ba, kowane gawurtaccen ɗan kokawa yana da takensa, kiɗan da aka yi dominsa shi kaɗai. In ya ji shi jikinsa ya daina zama nasa, sai tsima, sai kirari, sai neman wanda zai kama. Wannan kowa ya sani, ni ma na sani. Abin da ban yi ba shi ne tambayar taken na wane ne. Ɗan gado mutum yake fara sani kafin ya san takensa. Ni kuwa ɗan haye, daɗin kiɗan kawai na ji na afka masa.

Muka yi ta juya kaset ɗin har ya kusa tsinkewa. Muka gutsuttsura taken, yau wannan gaɓa, gobe waccan, abokina yana taka shi yana mutuwa yana tashi, har ya zauna a hannuna daram. Na kuma ɓoye wa ubangidana, wai sai mun je Kalgo in ba shi mamaki.

Na kuwa ba shi.

Kaka ta yi, muka hau a-kori-kura muka isa Kalgo ana gobe kokawa. Abokina ya biyo mu da sunan zai duba kasuwar albasa. Ubangidana ya tafi gaida masu masaukinmu, ya ce in shanya gangunan a rana fata ta miƙe. Ni kuma na kasa zama, na ce wa abokina mu ɗan fita mu gwada hannu na ƙarshe. Muka gangara bakin fadama inda ba gidaje, sai shinkafa ta nuna jawur, can nesa ana hango masu yanka sun duƙa. Ya ɗaura fatarsa da kwalayensa, na rataya ganga, na saki taken nan.

Ban taɓa kaɗa shi da daɗi kamar ranar ba. Fata ta sha rana, iska na kwasar sautin tana shimfiɗa shi a kan fadama. Abokina ya juya wa gonar baya, ya rufe ido, yana taku yana ihu: "Ina mazan Kalgo? A fito! Yau ba ni barin kowa tsaye!"

Sai na ga shinkafa tana darewa biyu.

Da farko na ɗauka dorina ce ta fito daga gulbi. Abin yana tahowa a guje, ruwa da taɓo na tashi ta kowane gefe. Da ya matso sai na ga mutum ne. Tsoho ne, gemunsa fari fat, amma ƙirjinsa kamar ƙyauren zaure. Taɓo har cinya, lauje a hannu. Ya yi jifa da laujen ya kurma wata kururuwa da har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

"Sai ni bijimin fadama! Sai ni na gaban ruwa! Wa ya kira ni?"

A bayansa wasu ƙarti suna gudu suna faɗuwa suna ihu, "A tsai da kiɗin! Don Allah a tsai da kiɗin!"

Kunnena ya ji, amma hannuna bai ji ba. Tsoro ya sa na ƙara wuta. Duk horon da muka sha a gindin tsamiya ya taru a ranar, hannun yana tafiya shi kaɗai ba da izinina ba. Na buɗe baki in ce wa abokina ya gudu, ko iska ba ta fito ba.

Shi kuwa ya ji kururuwa ya ɗauka 'yan kallo ya samu. Ya ƙara dukan ƙirji, ya juyo yana cewa, "Wane na mai ƙarar kwana..." Bai ƙarasa ba.

Ku duba abin ta idon tsohon. An kaɗa takensa, ya zo, ya tarar da wani ɗaure da warki yana taka masa shi yana kiran maza. A fagen kokawa wannan ba ya da wata fassara sai ɗaya. Ya sunkuya ya cafki abokina ta ƙugu ya ɗaga. Na rantse na ga tafin ƙafar abokina ya shiga tsakanina da rana. Kwalayen ashana suka watse a sama kamar fara. Sai ji na yi caɓal! Allah ya taimaka taɓo ne ba tudu ba. Abokina ya nutse, ƙafafu biyu kawai ake gani suna harbin iska.

Gula ta faɗi daga hannuna. Fadama ta yi tsit.

Tsohon yana huci yana waige-waige. "Ina shi? Ina makaɗina?" Idonsa ya bi ta kaina ya wuce, ya dawo, ya sake wucewa. Sai a karo na gaba ya ga gangar a kafaɗata. Ya daɗe yana kallona. Daga nan ya zauna a kan gaɓa ya dafe gwiwoyinsa da hannu biyu.

Ƙartin nan ashe 'ya'yansa ne. Biyu suka je zaro abokina, babban kuwa ya shaƙe min wuyan riga har na ga taurari da rana tsaka.

"Kai ɗan gidan wa ne? Ka san abin da ka yi? Makaɗin Baba, mai kaɗa mashi wanga take, ya daɗe da rasuwa. Tun rad da aka rufe shi Baba bai sake shiga fage ba, kuma ba makaɗin da ya sake taɓa taken nan duk ƙasar ga. Mutumin da sai an kama shi yake tashi daga sallah, shi ka sa gudu cikin taɓo?"

Aka zaro abokina aka wanke masa fuska. Ya tofar da taɓo, ya buɗe ido ɗaya, ya ce da wata 'yar siririyar murya, "Ku gaya min tsakani da Allah. Kaye na, ko canjaras?"

Ba wanda ya yi dariya, don a daidai lokacin ubangidana ya iso, ba takalmi ba hula. Tun daga cikin gari ya ji taken, kuma shi ya san mai shi. Da ya yi min faɗa da na ji sauƙi. Bai ɗaga murya ba. Hannu kawai ya sa ya zare gangar daga kafaɗata.

"Wa ya ba ka wanga take?"

"Kaset, Baba."

"Kaset ɗin ya gaya maka mai shi?"

"A'a, Baba."

"Gobe da safe ka bi motar farko."

A take na ga keken ɗinkin Kambaza a gabana, har ƙarar tafiyarsa na ji.

Sai tsohon ya ɗago kai. "Makaɗi, mai da ma yaro gangarshi."

Ubangidana ya rusuna ya fara ba da haƙuri, tsohon ya ɗaga masa hannu. Ya ce shekara da shekaru ya ɗauka jikinsa ya riga shi mutuwa, yau ya ji ashe yana nan. Ya ce gobe zai shiga fage, kuma wanda ya tashe shi shi zai kaɗa masa.

'Ya'yan suka haɗa baki, "Haba Baba!"

"Na gama magana."

Dattijo irin wannan ba a musa masa a garinsu. Ubangidana ya miƙo min gangar kamar mai miƙa garwashi, ya matso kusa da kunnena. "Kai ka tashe shi, kai za ka zaunar da shi. In ya kama wani, ko wani ya kama shi ya karya shi, ba ganga kaɗai ba, ko gaisuwarka ba ni sake amsawa."

Washegari da hantsi aka yi abin da ba a taɓa yi ba: ubangidana ya koyar da ni da baki. Muka shige can cikin zauren masaukinmu, muka naɗe gangar da zane har sautinta ya koma kamar tarin kyanwa, don kada ya kai fadama. Ya ce mutumin da ya tsima ba a yanke masa kiɗa farat ɗaya, don wanda ke kusa da shi zai cafka. Rage masa ake yi kaɗan-kaɗan, ana ba shi bugun a bayan takunsa, har ƙafar ta gaji da jira ta koma bin ganga. Abokina, wuyansa a sanƙare ba ya juyawa, shi aka sa ya zama tsohon. Ya yarda, amma ya ce ko za a yanka shi ba zai sake ɗaura fata a ƙasar Kalgo ba. Haka ya yi ta zagaye zaure cikin riga da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure, ni ina binsa, ubangidana yana gyara min. Har sau ɗaya na ga gefen bakinsa ya motsa kamar zai yi murmushi, ya fasa.

Bayan la'asar fage ya cika. Labari ya riga ya zaga, har daga ƙauyuka an zo. Aka yi 'yan kamu na samari, sannan aka ba ni hannu. Na shiga tsakiya na saki taken.

Tsohon ya miƙe daga tabarmar dattawa. Wurin ya ɗauki ihu kamar rufin duniya zai faɗo. Tsofaffin mata suna guɗa, wasu dattawa suna share ido da bakin rawani. Ya shigo yana taku, kowane taku ƙasa na amsawa, ya yi kirari, ya fara zagaye yana duban 'yan kokawa ɗaya bayan ɗaya. Ƙarti masu wuya kamar turmi, nan take kowa ya tuna layarsa ta kwance, ya duƙa yana ɗauri.

Sai wani matashi mai zafin kai, baƙo ne bai san dawan garin ba, ya miƙe ya daki ƙirji.

Na ga ƙafar tsohon ta juya wajensa. Na ga babban ɗansa ya ɗora hannu biyu a ka. Ban kalli ubangidana ba, don na san in na kalle shi zan suma. Na kafa ido a kan ƙafafun nan masu faso, na fara jan bugun baya. Ya taka, na makara kaɗan. Ya sake takawa, na ƙara makara. Ya yi kamar zai ƙwace, saura 'yan taku tsakaninsa da matashin, gumi ya cika min ido. Na matsa na shiga gabansa da gangar, abin da ko mahaukaci ba zai yi ba, ina kaɗawa ina ja da baya. Sai na ga ƙafar ta dakata a sama tana jiran bugu. Da na ba ta, ta sauka ta wajena.

Haka na yi ta jan sa da baya da baya, sautin yana sanyi, kafaɗunsa suna sauka, har muka kai bakin tabarma. Na yi bugun ƙarshe a hankali. Ya zauna. Yana dariya hawaye na bin gemunsa. Matashin nan kuwa an riga an raɗa masa wane ne, ya zo ya durƙusa yana gaisuwa har goshinsa na taɓa ƙasa.

Washegari muna cikin mota a hanyar Gwandu, ina zaune a takure ban san matsayina ba, sai ubangidana ya turo gangar da ƙafa har ta daki gwiwata. Yana kallon gonaki ya ce, "Riƙe. Mako mai zuwa muna Dalijan. Kada ka makara."

Na shekara da yawa ina bin fage bayan nan kafin rayuwa ta kai ni wani wajen. In matasa suka tambaye ni yadda za su ji daɗin koyo, ina gaya musu gaskiya: kada ka zauna kai kaɗai kana azabtar da kanka. Nemi wanda zai taka maka, ku yi dariya, ka ware inda kake ɓatawa ka bi shi a hankali, ka tashi tun kana marmari. Duk wannan ya yi min aiki, ya ma yi aiki fiye da yadda na shirya. Abin da ya girgiza ni, kuma har yau bai sake ni ba, shi ne ni ina can ina ganin wasa muke yi, ashe abin da ke hannuna ya isa ya tsallaka fadama ya shiga ƙashin mutumin da ban taɓa gani ba, ya tuna masa da wanda ya binne.

Yanzu gashina ya fara fari, gangar tana rataye a ɗaki. Amma duk ranar da marmari ya taso na sauko da ita, ko a kan gadona zan gwada hannu, sai na fara leƙa waje na duba hagu da dama ko akwai wani tsoho mai faɗin ƙirji a kusa.